Kaki ne ya ba su dukiya, ko kasuwa? Amsa ga Alhajin Mile 12

Wani Alhaji da ke harkar albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya aiko mini da tambaya. Ɗansa na fari ya gama sakandare, ya ƙi zaman rumfa, ya ce shi sai makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna. Da aka matsa masa, sai ya ce ai manyan attajiran ƙasar nan tsofaffin sojoji ne, ya lissafo Janar Ɗanjuma da Kanar Sani Bello da marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa. Alhaji yana so ya san yadda waɗannan mutane suka tara abin da suka tara, kasuwanci ne na gaskiya ko abin da aka kwasa ne ana kan mulki, kuma shin aikin soja hanyar arziki ce.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya shirya mana zuri'a. Na shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a 1981 ina yaron wani ɗan fito, daga nan na koma kamfanin da ke wakiltar jiragen ruwa, na ƙarasa aikina a banki, a sashen da ke buɗe wa 'yan kasuwa takardun shigo da kaya. Ban taɓa zama a tabarma ɗaya da ko ɗaya daga cikin mutanen da yaronka ya ambata ba, amma kasuwar da suka shiga a cikinta na yi furfura. Abin da zan gaya maka shi ne yaron bai yi ƙarya a sunayen ba, lissafinsa ne bai cika ba. Ya hango Dala, bai shiga birni ba.

Fara da shekarunsu, don nan ne mutane ba sa dubawa. Ranar 1 ga Oktoba 1979 da sojoji suka miƙa wa Shehu Shagari mulki a nan Legas, Obasanjo yana da shekara 42, Ɗanjuma 40, Shehu 'Yar'aduwa 36. Mutum ɗan shekara 36 a kasuwarku bai daɗe da fara ɗaure tirela da sunansa ba. Shi kuwa wannan ya riga ya yi yaƙin basasa, ya riƙe ma'aikatar sufuri, ya zama na biyu a ƙasa, ya san kowane babban sakatare da sunansa na yanka, ya san manajojin Turawa na kowane babban kamfani, sannan ya tuɓe kaki da sauran ƙarfinsa cif. Juyin mulkin 1966 da yaƙin da ya biyo baya sun share manyan hafsoshin farko, samari suka haye kujerun da a ƙa'ida sai sun yi shekara ashirin suna jira. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Sannan suka fito a daidai lokacin da doka ta tsaga bango. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, da wadda ta ƙarfafa ta a 1977, sun tilasta wa kamfanonin waje su sayar da wani kaso na hannun jarinsu ga 'yan Najeriya, wasu kashi 40, wasu kashi 60, wasu sana'o'in ma aka hana baƙo gaba ɗaya. To ka sa kanka a matsayin Baturen da ke da kamfanin gine-gine ko na jiragen ruwa. Dole ka nemo ɗan ƙasa ka ɗora a kujerar daraktoci. Wa za ka ɗauka? Wanda in ya ɗaga waya babban sakatare zai amsa, in kayanka sun maƙale a tasha ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Birgediya Mobolaji Johnson, gwamnan Legas na farko daga 1967 zuwa 1975, ta wannan hanya ya bi har ya zama shugaban hukumar daraktocin Julius Berger. Kuma a yi masa adalci: cikin gwamnoni goma sha biyu na zamanin Gowon da gwamnatin Murtala ta bincika, shi da Oluwole Rotimi kaɗai aka wanke.

Yanzu Ɗanjuma, wanda labarinsa ya fi tsawo kuma ya fi koyar da darasi. An haife shi a Takum a Disambar 1938, ya yi karatu a Katsina-Ala da Zariya, ya shiga soja a 1960. Shi ya jagoranci dakarun da suka shiga Inugu a 1967, ya kuma riƙe muƙamin babban hafsan sojojin ƙasa daga 1975 zuwa 1979. Da ya yi murabus bai tafi gona ba kamar sauran, teku ya fuskanta. A shekarar ya kafa kamfanin Nigeria American Line, ya yi hayar jirgi guda mai suna Hannatu yana zirga-zirga tsakanin Legas da Santos ta ƙasar Burazil, lokacin da Najeriya ke da yarjejeniyar ciniki da Burazil kuma gwamnati ce babbar mai shigo da kaya. A 1984 ya buɗe Comet, kamfanin wakilcin jiragen ruwa.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don mutanen kasuwar gwari ba su cika sanin wannan sana'a ba, alhali ta fi kama da taku. Wakilin jirgi fatoma ne, dillali ne na teku. Jirgi ba nasa ba ne, kaya ba nasa ba ne. Jirgi zai taso daga Turai ko Asiya, mai shi bai san kowa a Apapa ba. Wakili ne zai nema masa wurin tsayawa, ya shirya takardun kwastan da na hukumar tasha, ya samo masu sauke kaya, ya kai wa matuƙa ruwa da abinci, ya karɓi kuɗi a madadin mai jirgi, ya cire la'adarsa. Kamar yadda mai tirela daga Aliero ko Gashuwa ba ya sauke albasa a Mile 12 sai ta hannun wanda ya san kasuwa. Bambancin kawai la'adar can da dala ake lissafa ta, kuma kwana guda da jirgi zai yi yana jira a bakin ruwa asara ce ta dubban daloli. Saboda haka mai jirgi ba ya neman wakili mai araha, yana neman wanda maganarsa ke da nauyi. Tsohon babban hafsan soja maganarsa tana da nauyi. Amma in gaya maka gaskiya a matsayin wanda ya yi aikin: nauyin suna yana kawo maka jirgi na farko ne kawai. In ka ɓatar da takarda, in lissafinka bai fita ba, jirgi na biyu wajen maƙwabcinka zai tafi, ko da anini nawa ka taɓa ɗaurawa a kafaɗa. Kamfanin nan ya shekara arba'in yana aiki, kuma ba ya yiwuwa a ce tsoron kaki ne ya riƙe shi duk wannan lokaci. An ɗauko waɗanda suka san aikin an bar su suna yi.

Duk da haka ba jirgin ruwa ne ya sa yaronka ya san sunan Ɗanjuma a jerin attajirai ba. Mai ne. A 1995 ya kafa South Atlantic Petroleum, wato SAPETRO, a 1998 kuma gwamnatin Abacha ta ba kamfanin filin haƙar mai da ake kira OPL 246, can cikin teku mai zurfi kudu da Fatakwal. A lokacin ba gwanjo ake yi ba, shugaban ƙasa ke bayarwa ga wanda ya ga dama, tsarin da aka faro tun zamanin Babangida da sunan shigar da 'yan ƙasa harkar mai. Fararen hula ma sun samu ta wannan ƙofa: Mike Adenuga, Folorunso Alakija, Muhammadu Indimi, Mai Deribe. Takarda ce kawai ake ba ka. Haƙa rijiya ɗaya a ruwan da zurfinsa ya wuce mita dubu tana cin miliyoyin daloli, kuma kana iya haƙawa ka tarar da ruwan gishiri. Abin da SAPETRO ya yi shi ne ya jawo kamfanin Total na Faransa da Petrobras na Burazil suka zuba kuɗinsu da injiniyoyinsu. A 2000 aka dace da rijiyar Akpo. A 2006 kamfanin ya sayar wa CNOOC na ƙasar Sin kashi 45 cikin ɗari na filin a kan kuɗin da ya haura dala biliyan biyu. Shi da bakinsa ya faɗa a bainar jama'a cewa bayan ya biya haraji da sauran haƙƙoƙi ya tsira da dala miliyan 500, har ya rasa yadda zai yi da su, abin da ya sa ya ware miliyan 100 ya kafa gidauniyar da ke ɗauke da sunansa.

To ka auna da kanka. Akwai sata a nan? Ba a ce ya buɗe baitulmali ya ɗiba ba. Akwai kasuwanci? Akwai, don da yawa sun samu irin wannan takarda ta ruɓe a hannunsu. Amma da kai ne ka je da fam ɗinka daga Mile 12, da an ba ka? Kai ma ka san amsa. Dukiyar jama'a ce aka miƙa wa mutum guda saboda wanene shi, shi kuma ya iya juya ta. Ni a wurina duka biyun gaskiya ne, kuma duk wanda ya gaya maka ɗaya ya ɓoye ɗaya yana da abin da yake karewa.

Wani abin mamaki da tarihi ya haɗa: daren 29 ga Yulin 1966, a gidan gwamnati na Ibadan, Manjo Ɗanjuma yana cikin waɗanda suka zo kama Janar Ironsi, shi kuwa Laftanar Sani Bello yana ciki a matsayin dogarin Ironsi. Samari biyu a ɓangarori biyu na ƙofa ɗaya, a ranar da aka kashe shugaban ƙasa da mai masaukinsa Fajuyi. Bayan shekara talatin dukansu biyu suna da kamfanin mai.

Sani Bello ɗan Kontagora ne, an haife shi a 1942. Kanawan da ke nan Legas sun san shi, don shi ya yi gwamnan Kano daga 1975 zuwa 1978 bayan Audu Baƙo, daga baya ya yi jakadanci a Zimbabuwe. Salonsa daban ne, ba ya son hayaniya, kuma ba ya zuba jarinsa a rami ɗaya. Yana cikin kamfanin mai na Amni. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a 2001, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, yana cikin 'yan Najeriya ƙalilan da suka shiga MTN tun farko, lokacin da mutane da yawa ke ganin talaka ba zai iya riƙe waya ba. Ka tuna kuɗin da muka sayi layi a shekarar farko, ka lissafa abin da ya shiga aljihun masu hannun jari. Da aka sayar da kadarorin NEPA a 2013, kamfanin Mainstream da yake shugabanta ya karɓi tashoshin lantarki na Kainji da Jebba, daga baya aka ƙara masa Zungeru. Ka lura da zaren da ya ɗinke su: mai, waya, wuta. Babu ɗaya da za ka fara da jarin buhu goma ka girma a hankali. Kowanne sai da takardar izinin gwamnati, kuma kowanne sai da abokin hulɗa mai ilmin aikin. Ɗansa Abubakar ya yi gwamnan Neja daga 2015 zuwa 2023, ka ga kuɗi ya koma ya haifi mulki kamar yadda mulki ya haife shi.

Na Shehu 'Yar'aduwa kuwa ina so yaronka ya ji shi har ƙarshe, kada ya tsaya a tsakiya. Da farko shi ba daga talauci ya taso ba. Mahaifinsa, Mutawallin Katsina Musa 'Yar'aduwa, shi ne ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko. Shehu ya yi makarantar soja ta Sandhurst a Ingila, ya yi yaƙi a fagen Onica. A 1975 Murtala ya ba shi ma'aikatar sufuri a lokacin da Apapa ta toshe. Gwamnatin Gowon ta yi odar siminti kusan tan miliyan ashirin, mafi yawa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da ɗari huɗu suka yi layi a teku, ana biyan kuɗin jira kullum, siminti yana daskarewa a cikin jirgi. Da na zo Apapa tsofaffin ma'aikata ba su da hirar da ta wuce wannan. Wannan masifa ce ta haifar da tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Wanda aka ba aikin warware wannan ƙulli ya koyi tasha ciki da bai, ya san masu jirage, ya san inda kuɗi ke zuba. Saboda haka da ya yi ritaya ba abin mamaki ba ne da aka gan shi tare da M.K.O. Abiola a kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines, aka gan shi a kamfanin hidimar tasha na NICOTES tare da Atiku Abubakar da Ba'italiyen nan Gabriele Volpi, kamfanin da ya rikiɗe ya zama Intels. Yana da hannu a bankin Habib, yana da gona, yana da masaƙar darduma da jaridar The Reporter a Kaduna.

Sai dai shi kuɗi ba su ne burinsa ba, makami ne na siyasa. Da su ya gina ƙungiyar da ta ratsa Kudu da Arewa, har ya yi gaba a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar SDP a 1992 kafin Babangida ya soke. A 1995 gwamnatin Abacha ta kama shi da zargin juyin mulki, aka yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗauri. Ya rasu a tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997 yana da shekara 54. Kamfanin da ke aiki a tashar gwamnati da izinin gwamnati, ranar da ka saɓa da mai gwamnati ba sai an aiko maka da ɗan sanda ba, takarda ɗaya ta isa. Gwamnatin da ta ɗaure Shehu ita ce ta ba Ɗanjuma filin mai, a cikin 'yan shekarun nan guda. Kai da ke sayar da albasa ba wanda zai soke maka lasisi da safe, sai dai ruwa ya lalata maka kaya ko mota ta kwana a hanya.

Waɗannan ukun su ake gani saboda sun yi tsawo. Waɗanda suka faɗi ba a lissafa su. Buba Marwa, da ya yi mulkin Legas daga 1996 zuwa 1999 har keke mai ƙafa uku ya gaji sunansa, ya kafa kamfanin jiragen sama na Albarka bayan ya bar soja. Mutum ne mai kai, mai jama'a, amma jirgin sama bai san wannan ba, a 2007 kamfanin yana cikin waɗanda suka kasa cika jarin da gwamnati ta gindaya, aka dakatar da su. Gonaki kuwa kada ma a fara. Bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo, kusan kowane babban hafsa ya yanki daji ya kafa allo. Ta Obasanjo a Ota ta rayu, Maizube ta Abdulsalami a Minna tana nan, Kanar Dangiwa Umar ya yi kiwon jimina a Kaduna. Amma in ka bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ko ta Birnin Gwari za ka ga kangaye da tarakta ta yi tsatsa a cikin ciyawa. Kaza ba ta jin oda. Benjamin Adekunle, wanda sunansa ya fi na kowa amo a yaƙin basasa, bai mutu da wata dukiyar a-zo-a-gani ba a 2014.

Akwai wani Kanar mai ritaya da ya zo teburina a banki, ba zan faɗi sunansa ba. Ya tattara giratutinsa, ya sayar da fili, wani abokinsa ya ce masa kifin ƙanƙara ne ke kawo kuɗi. Na tambaye shi wa zai sayar wa, ina ɗakin sanyinsa, wa zai biya man janareta in kwantena ta kwana goma ba ta fita ba. Ya ce mini, Malam, na ciyar da bataliya guda a daji, kifi ne zai gagare ni? Na ce ranka ya daɗe, bataliya ba ta taya kaya. Bai ji daɗin maganar ba. Kayan suka iso, takardu suka samu tangarɗa, ya yi ta kiran tsofaffin yaransa, wasu sun bar wurin, wasu suka ƙi ɗauka. Da aka buɗe kwantenar sai da aka toshe hanci. Bayan shekara biyu na gamu da shi a masallacin Juma'a, yana aikin shugaban masu gadi a wani kamfani. Mutumin kirki ne, kuma irinsa sun fi irin Ɗanjuma yawa nesa ba kusa ba. A bariki in ka ce a yi, an yi. A kasuwa in ka ce a saya, sai mai saye ya ga dama.

Game da sata, kada mu yi wa juna rufa-rufa. An yi, kuma ana yi. Kuɗin da Abacha ya kai waje har yau dawo da su ake yi, dala miliyan 321 daga Suwizalan a wani zubin, sama da miliyan 300 daga tsibirin Jersey a 2020. Binciken kuɗin makamai da aka fara a 2015 ya kai manyan hafsoshi kotu, an ƙwace gidaje a Abuja da Legas. Amma waɗannan ban sa su a layin 'yan kasuwa ba. Wanda ya kwashi kuɗin harsashi ya sayi bene a Ikoyi bai yi ciniki ba, ɓoyo ya yi. Yadda nake rarrabewa tun ina banki: ina duba ko kamfanin yana da abokan ciniki da ba gwamnati ba, ko yana biyan albashi bayan mai shi ya shekara goma da barin mulki, ko kuma ya mutu ranar da ubangidansa ya sauka. Kuma doka a fili take, kundin tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci yana kan aiki, in ban da noma. Hafsan da ka ga yana da jerin gidajen mai yana sanye da kaki, ba albashinsa ba ne.

Haɗuwar bindiga da ciniki ba a kanmu aka fara ba, da ita ma aka ƙera ƙasar. George Goldie, tsohon hafsan injiniyoyin sojan Ingila, shi ya haɗe kamfanonin Turawa na bakin kogin Kwara a 1879, ya samo musu izinin sarauta a 1886 da sunan Royal Niger Company, kamfani mai sojojinsa da kotunansa, wanda Lugard ma ya yi wa aiki. Sojan Najeriya kuwa tushensa 'yan Hausar Glover ne, wato dakarun Hausawa da Baturen Ingila Glover ya ɗauka a nan Legas a 1863. A wasu ƙasashen akwai waɗanda soja ya ba su horo kawai, ba lasisi ba: Fred Smith da ya kafa FedEx a Amurka bayan ya dawo daga Biyetnam, ko Ren Zhengfei da ya kafa Huawei a 1987 bayan ya bar sashen injiniyoyin sojan Sin. Mu a nan ma an taɓa yin akasin abin da yaronka yake nema. Emeka Ojukwu ɗan Sir Louis Ojukwu ne, mai motocin sufuri, ɗaya daga cikin mafiya kuɗi a ƙasar a zamaninsa. Ya baro dukiyar ubansa ya shiga soja a 1957, uban yana faɗa. Ka ga ba kai ne uba na farko da ɗa ya guje wa rumfarsa ba.

Abin da ya kamata yaron ya gane shi ne ƙofar da waɗancan suka bi an rufe ta. Soja ya bar mulki tun 1999, kuma da Obasanjo ya hau ya yi wa hafsoshi 93 da suka taɓa riƙe muƙamin siyasa ritaya a lokaci guda. Babu Kanar ɗin da za a naɗa gwamna yau. Yaron da ya shiga NDA bana zai yi shekara biyar kafin ya ɗaura anini na farko, sannan a tura shi Borno ko Zamfara ko dajin Neja. Zai bi layi daga Laftanar zuwa Kyaftin zuwa Manjo, kowane mataki da jarrabawa da kwas, in Allah ya yi masa tsawon rai ya fita bayan shekara 35 yana dab da sittin, da fansho da hawan jini. A cikin 'yan ajinsa kaɗan ne za su ga Janar, wasu kuma ba za su dawo ba, mun sha zuwa ta'aziyya a Agege da Idi-Araba.

Ban ce ka hana shi ba, Alhaji. Aiki ne na mutunci, kuma ƙasa na bukatar 'ya'yan mutanen kirki a cikinsa. Yana koyar da abubuwan da kasuwa ke so: tashi da wuri, riƙe lissafin mutane da motoci, kai kaya inda aka ce a ranar da aka ce. Na ga tsofaffin hafsoshin sashen sufuri da na injiniya da suka yi kyau a harkar dakon kaya da gine-gine, don sun fita da sana'a a hannu, ba muƙami kaɗai ba. In ya nace, ka ba shi shawara ya karkata can, ko ya yi digirinsa tukuna ya shiga ta gajeren kwas. Amma ka zaunar da shi ka yi masa tambaya ɗaya, ba a gaban ƙannensa ba: in aka ce zai yi aikin nan har ya gama bai mallaki komai ba sai gida ɗaya da fansho, zai shiga? In ya ce e ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ka sa masa albarka ka saya masa fam. In ya yi shiru, to kuɗi yake so, kuma ka fi kowane Janar sanin inda ake koyon su. Ka ba shi buhu hamsin a kakar bana, ka haɗa shi da direba, ya je Aliero da kansa ya yi ciniki, ya biyo motar har Legas, ya sayar, ya kawo maka lissafi a rubuce. Kada ka cike masa in ya faɗi.